Ɗan laɓe ko mai bin sawu? A taya mu raɗa wa abin da ake cusawa cikin gem suna

Jama'a, assalamu alaikum. Akwai wata 'yar manhaja da kamfanoni ke cusawa a cikin gem, ta shigo waya ko kwamfuta tare da shi, ta riƙa aika bayanin na'urar zuwa wani kamfani can daban, mai na'urar bai sani ba. Turawa na ce mata tiraka, in ransu ya ɓaci su ce sifayiwaya. Mu har yau ba ta da suna. Yaran da ke cika gidajen gem a Tudun Wada da Rigasa a nan Kaduna, da masu raba dare a kan waya suna buga ƙwallo ko harbi da mutanen da ba su taɓa gani ba, da ita suke kwana suke tashi. Amma ka tashi yi musu bayani, sai ka ji bakinka ya koma Turanci. Dalilin buɗe wannan zaren ke nan. Duk mai kawo kalma ya haɗo da hujja.

Mu fara da sanin abin da ake nema wa sunan.

A watan Yunin 2018 'yan gem suka tono wata manhaja mai suna Red Shell a cikin wasannin kwamfuta masu yawa da ake sayarwa a kasuwar gem ta intanet mai suna Steam, har da manya irin su Civilization VI da Elder Scrolls Online da Total War da Kerbal Space Program. Ba ta satar lambar sirri, ba ta karanta saƙo. Ƙananan abubuwa take tsinta waɗanda mutum zai raina: Windows ce a kan kwamfutar ko wani tsari, girman allo, harshen da aka saita, agogon wane yanki take bi, ire-iren haruffan da aka ɗora mata, wace burauza ake amfani da ita. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. In aka haɗa su wuri guda, sai su zama shaidar da da wuya a sami wata kwamfuta mai irinta sak. Ranar da ka latsa tallan gem ɗin a wani shafi an ɗauki shaidar, ranar da ka buɗe gem ɗin aka sake ɗauka. In biyun suka zo ɗaya, kamfani ya san tallan da ya jawo ka. Wanda ya taɓa tsayawa a tashar Kawo ya san zancen: direba na son sanin wane ɗan kamasho ne ya kawo wane fasinja, don ya san wanda zai sallama. Sai dai a Kawo fasinja yana ganin wanda ya karɓar masa jaka.

Masu Red Shell sun ce ba sa ɗaukar suna, ba sa ɗaukar abin da zai nuna ko kai wane ne. 'Yan gem suka ce: to wa ya tambaye mu? Abin kuma ya faɗo ne 'yan makonni bayan dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018, lokacin kowa kunnensa a buɗe yake. Kamfanoni suka yi ta cire ta ɗaya bayan ɗaya. A riƙe wannan da kyau, domin a kansa zan auna kowace kalma: ɓoyewar ta fi tunzura mutane a kan abin da aka kwasa.

Cikin kalmomin da jama'a suka riga suka kawo, wadda aka fi kawowa ita ce "manhajar leƙen asiri". Hausa ce tsantsa, kowa zai gane. Amma tana da mai ita. Da ita gidajen rediyo da jaridu ke kiran irin su Pegasus ta kamfanin NSO na Isra'ila, wadda ke shiga waya ta karanta saƙonni, ta kunna kyamara da makirufo, aka kuma same ta a wayoyin 'yan jarida da masu fafutuka. In muka ɗora wannan sunan a kan abin da ke cikin gem ɗin ludo, ɗayan biyu ne. Ko uba ya firgita ya ƙwace wayar yaro ya zaci hukuma ce ke bin gidansa, ko kuma ya ga an ce masa leƙen asiri, shekara ta zagayo ba abin da ya faru, ran da na gaskiyar ya zo ya ɗaga kafaɗa. A bar wa Pegasus sunanta.

Malam mai gyaran waya, wanda ya ce shagonsa na wajen kasuwar Sheikh Gumi, ya kawo "infoma". Malam, na ji hujjarka: yana zaune cikinku, yana cin abin da kuke ci, yana kai labari waje. Ta fuskar ma'ana ba ka kauce ba. Kuma ba aron ne ya dame ni ba, mota da kwamfuta ma aro ne. Amma a jihar nan wannan kalmar akwai jini a jikinta. Mutumin Birnin Gwari ko Giwa in ya ji "infoma", ba talla yake tunawa ba. Ba na son mu ɗauko kalmar da aka binne mutane a dalilinta mu kai ta gidan gem.

Magulmaciya, munafuka, 'yar rahoto: duk sun huce haushi, amma zagi ne, ba za su shiga takardar makaranta ko labaran ƙarfe bakwai ba. "'Yar sa-ido" ta ba ni dariya, sa'idawan unguwa sun samu 'yar uwa. Sai dai masu sa ido a zaɓe sun riga sun riƙe rabin kalmar.

"Kaska" kuwa na tsaya a kanta. Gajeriya ce, ga karin maganarta a shirye, kaska raɓi mai jini, kuma lallai abin nan raɓa yake yi, ba ya tafiya shi kaɗai. Matsalar ita ce kaska tsotsa take yi. A bakin mutanenmu "data" na nufin abin da ka saya na naira ɗari biyar ya ƙare kafin magariba. Ka ce wa yaro akwai kaska a gem ɗinsa tana shan data, zai duba megabayit nawa suka rage, ya ga da saura, ya ce maka ƙarya ne. Kai kana maganar bayanansa, shi yana maganar kuɗinsa.

"Bin diddigi" 'yan jarida masu tantance labari sun tafi da ita. "Bibiya" kuma ta zama ta masu bin shafi.

Hajiya malamar Hausa ta kawo "mai bin sawu", jam'i "masu bin sawu". Malama, Allah ya ƙara ilimi, wannan ta fi duk na baya dacewa da yadda abin ke aiki. Waccan shaidar da ake haɗawa daga girman allo da haruffa ai sawu ce, kuma da ita ake gane cewa wanda ya wuce ta can jiya shi ne ya iso nan yau. Inda na ɗan saɓa miki shi ne, a kunnen Bahaushe mai bin sawu yawanci shi ne mai gaskiya. Wanda aka kore wa shanu ne ke bin sawu. Kalmar ba ta ɗauke da ɓoyo, ba ta ɗauke da rashin izini. Ba zan yar da ita ba, akwai aikin da za ta yi, zan dawo kanta.

Tawa shawarar: ɗan laɓe, jam'i 'yan laɓe.

Mai laɓe ba ɓarawo ba ne, bai fasa ƙofa ba, bai ɗauki komai ba. Tsayawa ya yi bayan ƙyaure, bai yi sallama ba, ya kwashi abin da ba da shi ake ba, kuma kowa ya san ba a cikinsa zai bar shi ba. Nauyin kalmar daidai da nauyin laifin: abin kunya ne, abin a kore ka ne, amma bai kai na ɗan leƙen asiri ba. Ba ta kuma buƙatar dogon sharhi. Kaka da jika duk sun san laɓe, duk sun san ba halin kirki ba ne.

An ce mini laɓe da kunne ake yi, wannan kuwa ba ya jin magana. To, wani yana ji. A Disambar 2017 jaridar New York Times ta ba da labarin wasannin waya sama da 250 da ke ɗauke da manhajar kamfanin Alphonso, wadda ke amfani da makirufo ta gane tallan da ake yi a talabijin ɗin ɗaki. Kamfanin ya ce ba ya naɗar hirar mutane, kuma sai an ba shi izini. Amma nawa ne cikin masu latsa "na yarda" suka san talabijin ɗinsu za a saurara? Ko ban da wannan, kalma tana faɗaɗa. Manhaja kanta a da tsarin karatun makaranta kawai take nufi. Shafi na littafi ne, zare na ɗinki ne, ga shi a cikinsa muke hira.

A gwada ta a baki. "Gem ɗin nan 'yan laɓe bakwai ne a cikinsa." "Kar ka karɓi wanda aka fasa ta Xender, ba ka san ɗan laɓen da aka cusa masa ba." "Duba shi a Exodus Privacy ka ga 'yan laɓensa." Wannan na ƙarshen wata ƙungiya ce a Faransa da ke binciken manhajojin Android tana lissafa abin da ke cikinsu, kyauta. Duk jimlolin sun zauna, ba wadda ta sa harshe tuntuɓe.

Ƙanena mai rubuta manhaja ya yi ƙorafi, kuma ƙorafinsa na kan hanya. Ya ce yaya, ba duka ne miyagu ba. Wani aikinsa kawai ya sanar da mai gem cewa wasan ya tsaya cak a kan waya kaza, a gyara. Gem ɗin kyauta kuma da talla yake rayuwa, in ba a san tallan da ya yi aiki ba wa zai biya? In aka kira su duka 'yan laɓe an yanke hukunci kafin a saurari shari'a. Gaskiya ne ƙanena, kuma nan ne kalmar Malama za ta shigo. Wanda aka faɗa maka yana nan, da harshen da kake ji, aka ba ka damar ka ce a'a kuma gem ɗin ya ci gaba da aiki, wannan mai bin sawu ne. Irin tambayar da wayoyin Apple suka fara yi tun Afrilun 2021 ke nan, kafin manhaja ta bi ka zuwa wasu manhajoji. Wanda aka ɓoye, ko aka binne shi a tsakiyar dogon Turancin sharuɗɗa da aka san ba mai karantawa, ɗan laɓe ne ko da bayanin da yake kwasa bai taka kara ya karya ba. Manhaja ɗaya tana iya zama wannan a gem kaza, ta zama wancan a wani. Sallamar ce ta raba su.

Rabewar tana da amfani har a gaban hukuma. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC, ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tattarawa a kansa da dalili, kuma in yardar yaro ake nema sai an bi ta hannun iyaye ko mai riƙonsa. A Amurka, a Disambar 2022 kamfanin Epic mai gem ɗin Fortnite ya amince ya biya tarar dala miliyan 275 kan tattara bayanan yara 'yan ƙasa da shekara 13 ba da yardar iyaye ba. Uwar da za ta kai ƙara, ko mai gabatar da shiri a Rediyon Tarayya Kaduna da zai yi mata bayani, suna buƙatar kalmomin biyu: ɗaya ta faɗi abin, ɗaya ta faɗi laifin.

Malama ta sake ɗaga hannu: manhaja mace ce, me ya sa "ɗan"? In an ambaci manhajar a ce "manhaja 'yar laɓe", in shi kaɗai ne a ce ɗan laɓe. A jam'i dai duk sun haɗu.

Saura guda da ba ta warwaru ba, kuma kar a cusa ta cikin waɗannan biyun. Akwai manhajar hana maguɗi a gem, irin Vanguard da kamfanin Riot ya fito da ita tare da gem ɗinsa Valorant a 2020. Ba a ɓoye ta ba, an faɗa maka ƙarara, kuma ba talla take wa aiki ba. Amma ta zo tana tashi tun kwamfuta na kunnuwa, tana zaune a can ƙuryar tsarin inda take iya ganin kusan komai, in ka ƙi ta kuma ba ka ba wasan. Ba laɓe take yi ba tunda ta yi sallama, ba kuma sawu take bi ba. Wani ya ce dogari, wani ya ce rafali, Malam mai gyaran waya ya ce mai gadi. Dogari ya fi kwanta mini, don na sarki ne, ba naka ba, ko da a ƙofarka yake tsaye. Masu buga gem a kwamfuta, ku kuka fi mu zama da ita. Wanne kuka ji ya fi?