Abin da aka tsayar kan saka layin SPDX a fayiloli

To jama'a, ga abin da na tattara daga shawarwarin da aka bayar kan yadda za a nuna lasin, wato izinin amfani, a fayilolin manhaja ta hanyar SPDX, tsarin gajerun sunayen lasin. Kusan kowa ya yarda a saka layi ɗaya a saman kowane fayil, kamar SPDX-License-Identifier: MIT (MIT ɗin sunan lasin ne), tunda in wani ya kwafe fayil ɗaya tak ya kai wani aikin, lasin ɗin zai bi shi. Ba sabon abu ba ne fa, Linux ma tun 2017 suka fara.

Inda aka fi jan hankali shi ne lasin GPL. Kar ka rubuta GPL-2.0 haka tsirara, SPDX ta daina ba da shawarar amfani da shi, ko dai GPL-2.0-only ko GPL-2.0-or-later, kuma wallahi bambancin ba na wasa ba ne domin na biyun ya ba mutum damar bin siga ta 3, na farkon kuwa bai ba shi ba, kuma ba kai za ka zaɓa da ka ba, abin da mai fayil ɗin ya rubuta tun asali shi za ka bi. Lasin biyu aka ba da zaɓi? Sai ka sa OR a tsakani.

Wasu sun so a goge tsohon dogon bayanin lasin da ke saman fayiloli gaba ɗaya, ni dai ina tare da masu cewa a bar sunan mai haƙƙin mallaka yadda yake, fayil ɗin wasu kuma sai an tambaye su.

Hotuna da fayilolin JSON da ba sa ɗaukar sharhin da za a rubuta layin a ciki, tsarin REUSE, wato ƙa'idojin bayyana lasin a fayiloli, ya ce a ajiye musu ɗan fayil mai ƙarewa da .license a gefe, sannan umarnin reuse lint ya duba wanda aka tsallake.