Wai menace daga men aka ciro ta?

Maman Ummi: Jama'a yau naji wani yana cewa kalmar menace ɗin nan da 'yan jarida basa gajiya da ita daga men aka ciro ta, wato maza, tunda duk wata fitina su ne ummul'aba'isinta. Ni kam na yarda 😂

Ɗan Zariya: Haba Hajiya, shaci-faɗi ne wannan. Kalmar ma ba ta Turawan Ingila bace, aro suka yi daga Faransanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, fada da kotu duk aka koma Faransanci, wajen 1300 ta fara fitowa a rubutunsu

Maman Ummi: To su Faransawan ina suka samo, ko su ma mazan ne suka ishe su

Malamin Turanci: Daga Latin, yaren Rumawan da, Hajiya. Minae shi ne abin da ya turo kai daga saman ganuwa kamar zai rufto maka, daga nan aka samu minari, yin barazana. Har makiyayan Rum in suna kora shanu da tsawa minare ake cewa

Baban Sadik: Ni duk wannan bai dameni ba, threat da menace ai duk barazana ce, Bature ne kawai da son tara kalmomi

Malamin Turanci: A'a Alhaji akwai bambanci. Threat tasu ce ta gado, da can cunkoso da matsi take nufi. Wanda yace zai ƙona maka shago threat yayi, menace kuma abin da ya zame wa mutane alaƙaƙai ne, ko yaro mai ƙiriniya ana ce masa haka cikin wasa

Ɗan Zariya: Malam ban yarda gaba ɗaya ba. Dokar sata ta Ingila ta 1968 in tazo kan mai tatsar kuɗi da tsoratarwa menaces take cewa, nan kuwa barazana ce tsagwaronta ba maganar ƙiriniya

Malamin Turanci: Wannan yaren lauyoyi ne, su suka riƙe tsohuwar ma'anar

Baban Sadik: To wacce jaridunmu suke nufi in sun rubuta almajiri menace? Yaro ƙarami da robar bara a hannu wa yake wa barazana fisabilillahi, kalma ɗaya dashi da 'yan bindiga

Maman Ummi: Kuma duba sunan wanda ya rubuta, zaka tarar namiji ne. Ban janye ba