Inshora ta ƙi biya, asibiti na jan ƙafa da fayil: dokar jiha ko ta tarayya?

Mazaunin_Niyok: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Amurka. Idan kamfanin inshorar lafiya ya ƙi biyan kuɗin magani, asibiti kuma yana jan ƙafa wajen ba mara lafiya kwafin fayil ɗinsa da zai ɗaukaka ƙara da shi, wace doka za a riƙe, ta jiha ko ta tarayya? Kwana nawa aka ba su?

Hajiyar_Fayil: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar fayil ta fi sauƙi. Dokar tarayya ta HIPAA, mai kare bayanan lafiyar mutum, ta ba asibiti kwana 30 ya ba ka fayil, za su iya ƙara 30 sau ɗaya tak, shi ma sai sun rubuto maka dalili. Inda dokar jiha ta fi kare mara lafiya, ita ake bi. A Niyok kwana 10 ne su ba ka damar duba fayil, kwafin takarda kuma ba ya wuce santi 75 kowane shafi. Kalifoniya kwanakin aiki 5 na dubawa, kwana 15 na kwafi. Likitocin Teksas kwanakin aiki 15.

Ka nema a rubuce, ka sa kwanan wata, ka ajiye kwafi. Ka faɗi ainihin abin da kake so: bayanan likita, sakamakon gwaji, hotuna, da lissafin kuɗi dalla-dalla. Roƙon baki a gaban kanta shi ke sa wata biyu ta wuce babu shaidar ranar da aka fara ƙirga. Kuma ba su da ikon riƙe fayil don ana bin ka bashi, ko su caje ka kuɗin nemo shi.

Malamin_Lissafi: Hajiya ta gama da fayil. A ɓangaren inshora, kafin komai ka tambayi ofishin ma'aikata na wurin aikinka: kamfanin inshora ne ke biyan kuɗin magani, ko wurin aikin ne ke biya daga aljihunsa, inshora tana gudanar da takardu kawai? Katin iri ɗaya ne, shi ya sa mutane ke ruɗewa. In na biyun ne, ERISA, dokar tarayya ta 1974 kan fa'idodin ma'aikata, ta fitar da lamarin daga hannun hukumar inshorar jiha, sai Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya. Manyan kamfanoni da yawa haka suke yi, kuma a nan ake ɓata makonni ana kai ƙorafi inda ba shi da hurumi.

In na farkon ne, dokar jiha na da haƙora. A Niyok, takardar neman biya da ba ta da gyara dole a biya cikin kwana 30 in ta intanet aka aika, 45 in ta takarda, in aka makara akwai kuɗin ruwa. Sai dai kowace cuta tana da lambar da ake sawa a takardar, kuma lamba ɗaya da aka rubuta ba daidai ba ta isa su dawo da ita.

Hajiyar_Fayil: Ƙari kaɗan, Malam: kada ka jira fayil har wa'adi ya ƙwace maka. Kwana 180 gare ka na ɗaukaka ƙara a wurin inshorar, daga ranar da wasiƙar ƙin biya ta iso. Shigar da ƙarar, ka rubuta cewa takardu na tafe. Ka nemi inshorar ta ba ka, kyauta, duk abin da ta dogara da shi, har ƙa'idar da ta ce maganin bai zama dole ba, likitanka ya amsa ta layi-layi. In sun sake ƙi, kana da wata 4 ka nemi masu duba na waje, waɗanda ba na kamfanin inshorar ba, hukuncinsu kuma dole inshora ta bi. In jinkiri zai cutar da mara lafiya, likita ya rubuta cewa na gaggawa ne, amsa cikin awa 72.