Neman shawara: launin manhajata ya ƙi canzawa tana cikin aiki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gina manhajar Android da yaren kod na Kotlin, ina so mai amfani ya zaɓi launi da kansa daga shafin saiti. Salo huɗu na rubuta a themes.xml, fayil ɗin da ake tsara launukan manhaja. Idan aka taɓa kore nan take nake kiran setTheme, umarnin sauya salo, amma allon ko gezau, yana nan da shuɗinsa. Kwana biyu ke nan ina fama. Sannan mai aikin yana so nan gaba launin ya riƙa zuwa daga sabar, misali lambar launi #1B5E20. Ana iya sauya colorPrimary ɗin kansa, wato babban launin manhajar, da kod? Don Allah a taimaka.

Amsa ta ɗaya: Wa alaikumus salam. Malam, kiran naka daidai ne, lokacinsa ne ya wuce. Kowane maɓalli sau ɗaya yake karanta launinsa, lokacin da ake ƙirƙirarsa, daga nan ba ya sake waiwaye. Ka ajiye zaɓin a SharedPreferences, ma'ajiyar saitin manhaja, ka kira recreate. A cikin onCreate, inda shafi ke fara ginuwa, sai ka karanto zaɓin, ka kira setTheme kafin setContentView, wanda ke ɗora abubuwan shafin a allo. Amma ka lura, recreate rushe shafin yake yi ya sake gina shi, duk akwatin rubutun da ba ka ba id ba zai dawo wayam. Shafukan da ke baya kuma suna nan da tsohon launi, sai ka duba a onResume, wanda ke aiki idan an dawo kan shafi, ka sabunta su.

Amsa ta biyu: Ka leƙa layout ɗinka ma, wato fayil ɗin tsarin shafi. In @color (tsayayyen launi) ka rubuta kai tsaye maimakon ?attr/colorPrimary (launin da ke bin salo), ko sau ɗari ka canza salo wurin ba zai motsa ba.

Amsa ta uku: Tambayarka ta biyu, a gaskiya babu hanya mai sauƙi, ɗan'uwa. Abin da ke themes.xml tun lokacin haɗa APK, fayil ɗin da ake girka manhaja da shi, aka rufe shi, karantawa kawai ake yi. Ko applyStyle da wasu ke ambata, salon da ka riga ka rubuta yake ɗorawa a kan wani, ba ya karɓar sabuwar lamba. Android 11 ta zo da ResourcesLoader, mai ba da damar shigo da sabon launi manhaja na cikin aiki, sai dai aikinsa da wuya, kuma wayoyin da ba su kai nan ba sun fita ke nan. Ko dai ka bi abubuwan ɗaya bayan ɗaya kana rina su da backgroundTintList, ko ka koma Jetpack Compose, tsarin gina shafuka da kod da ya fito a 2021. A can launi ƙima ce kawai da kake miƙa wa MaterialTheme, tana canzawa allon ya bi ta. Ni da shafukan ba su da yawa, Compose zan kama. Ka kuma tanadi launin rubutu, don ranar da sabar ta aiko rawaya, farin rubutu ɓacewa zai yi.

Amsa ta huɗu: In har da yanayin duhu a lissafin, kada ka wahalar da kanka. Fayil a values-night, inda ake ajiye launukan duhu, da setDefaultNightMode mai kunna yanayin sun wadatar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, ya yi! Wurare tara na tarar na rubuta @color da hannuna. Saura ƙiftawar da allon ke yi lokacin recreate, wa ke da maganinta?