Hotunan da nake ɗauka a hanyar aiki sun taru, na rasa yadda zan yi da su

Ɗan Gefen Taga:

Assalamu alaikum. Ina da 'yar matsala, ina roƙon waɗanda suka san harkar hoto su taimaka min.

Shekara biyu ke nan da aka sauya min wurin aiki, ya zama kullum sai na yi kusan awa guda a bas wajen zuwa, awa guda wajen dawowa. Da farko barci nake yi, ko in yi ta latsa waya. Wata safiya muna kan gada na hango rana tana fitowa ta bayan wani tsohon tankin ruwa, tsuntsaye sun jeru a bakinsa kamar wani ne ya shirya su, sai na zaro waya na ɗauka. Tun daga ranar abin ya bi min jiki. Har kujera gare ni, ta hannun dama, layi na uku daga baya, don gilashin wajen ne kaɗai bai tsage ba. Ranar da wani ya riga ni zama, haka zan yi ta hararar ƙeyarsa har mu sauka, bawan Allah bai san laifinsa ba.

Jiya na duba, hotunan sun haura 6,400. Kusan rabinsu dishi-dishi ne, musamman na yamma. A wasu kuma falwayoyi duk sun karkace kamar iska ce ta kwantar da su, alhali a tsaye suke ƙyam. Wayar ce ta lalace ko hannuna ne?

Amma abin da ya fi damuna daban ne. Na zauna ina nuna wa ƙanwata, ta tsaya a kan wani ta ce, "Yaya, nan ina ne?" Na yi shiru. Hoton wani bango ne mai shuɗin fenti, na ɗauke shi har sau goma sha ɗaya, kuma wallahi ban san me na gani a jikinsa ba. So nake abin ya zame min kamar littafin tafiyata ta kullum, wanda zan buɗe bayan shekara goma in tuna. Ta ina zan fara? Ko sai na sayi babbar kyamara?

Tsohon Mai Wanke Hoto:

Wa alaikumus salam. Ɗana, wayarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wajen mai gyara ya buɗe maka ita a banza.

Kyamara kamar ido take, buɗewa take yi ta karɓi haske ta rufe. Idan haske ya wadata, ƙiftawar takan zo da sauri ƙwarai. Idan gari ya fara duhu, dole ta jima a buɗe kafin ta tara abin da zai ishe ta, kuma duk abin da ya motsa a wannan ɗan lokacin sai ya fito a shafe. Yi lissafi da kanka. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya. Da yamma wayarka na iya sauka zuwa 1/30 na daƙiƙa, ka ga kafin ta rufe ido kun matsa fiye da rabin mita. Da a 1/1000 take, abin da za ku matsa bai kai santimita biyu ba. Bambancin ke nan tsakanin hotonka na safe da na yamma.

Wannan matsala ta girme mu duka. Akwai hoton da Louis Daguerre, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka a 1838 na titin Boulevard du Temple a birnin Paris. Titi ne mai hada-hadar mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ka gan shi wayam kamar an yi shara, saboda kyamarar ta yi mintuna a buɗe, duk mai motsi ya ɓace. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, don shi ne bai gusa ba.

Karkacewar falwaya kuwa wani abu ne daban. Na'urar da ke karɓar haske a yawancin wayoyi ba a lokaci guda take karanta hoton ba, layi-layi take bi daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin ta gama da kan falwayar ta iso gindinta, motar ta riga ta matsa, sai abin ya fito a kishingiɗe. Abin da ke kusa da titi shi ya fi shan wannan, na nesa da wuya ka lura.

To, idan wayarka tana da sashen da ake saita kyamara da hannu, sa saurin a 1/500 ko 1/1000, ka bar ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, ya hau. Hoton zai ɗan yi tsaki-tsaki, amma tsaki-tsaki ya fi shafewa. Kada ka kunna yanayin ɗaukar dare a cikin mota mai tafiya, domin hotuna da yawa yake ɗauka cikin 'yan daƙiƙu ya haɗe su, yana bukatar a tsaya cak. Ka riƙa auna abin da ke gaba ko nesa maimakon wanda ke wucewa ta gefenka. Mafi sauƙi duka, ka jira inda motar ke tsayawa, wajen danja ko wajen sauke fasinja. Tunda hanya ɗaya kake bi, ai ka haddace su.

Babbar kyamara ba yanzu ba. Wanda bai gama da 6,400 ba, idan ya sayo wadda ke ɗaukar goma a daƙiƙa, sai dai mu yi masa addu'a.

Maman Biyu:

Baba ya gama magana a kan wannan. Ni ƙari biyu zan yi. Ka riƙa goge idon kyamarar da gefen riga kafin ka ɗauka, maiƙon yatsa kaɗai yana sa fitilu su fito da dogayen jela. Sannan ka matso da wayar dab da gilashi ka yi mata rumfa da tafin hannu don kada hoton cikin motar ya fito, amma kada ka jingina ta, girgizar injin za ta shiga. Filasha kuwa kashe ta, gilashin kawai za ta haska.

Abin da ya sa na shigo ma shi ne in tambaye ka: hotunan nan a ina suke ban da cikin wayar? Ni tawa ta faɗa ruwa da hotunan shekara uku, ciki har da na ranar da yarana suka fara tafiya. Abin da na tsira da shi sai waɗanda na taɓa tura wa 'yar'uwata ta WhatsApp, su ma an matse su, da ka buɗa su a kwamfuta sai ka ga sun farfashe. Da na sani da a matsayin dokumen na tura, ta haka suna zuwa yadda suke. Masu harkar suna cewa kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya kuma ya kasance ba a gidanka ba. Kuma kada ka saki jiki da Google Photos, manhajar da ke ajiye hotuna a intanet, ba ka duba ba. Tun 1 ga Yunin 2021 suka daina ajiya kyauta marar iyaka, GB 15 ne ake rabawa tsakaninsa da Gmail da Drive. Idan ya cika ajiyar tsayawa take yi, kai kana can kana zaton komai na hawa.

Mai Alƙalami:

Malam, ni tambayarka ta biyu ce ta taɓa ni, don na yi wannan ciwon.

Ranar da wurin ba su ɓace ba. Kowane hoto yana ɗauke da bayanansa a ciki, abin da ake kira Exif: rana, lokaci, irin wayar, saurin ƙiftawa, har da inda ka tsaya idan ka bar GPS a kunne. Buɗe hoton ka duba bayaninsa za ka gani. Abin da waya ba za ta ajiye maka ba shi ne dalilin da ya sa ka ɗaga hannu. Wannan kai kaɗai ka san shi, kuma kwana biyu ya ishe shi ya gudu.

Ga yadda nake yi. Kafin in kwanta nakan zaɓi hoto ɗaya tak na ranar, in rubuta layi biyu ko uku a ƙarƙashinsa. Ba na rubuta abin da ido ke gani, hoton ya riga ya faɗa. Abin da bai shiga hoton ba nake rubutawa: cewa direba ya kashe rediyo daidai nan, ko na kusa da ni yana ta gyangyaɗi a kafaɗata, ko ranar ce na fito ban yi sallama da kowa ba saboda fushi. Na wata ranar Talata cewa kawai na yi, "Yau ma mai jan keken nan ya riga mu isa mahaɗa." Yanzu idan na karanta har ƙarar kekensa nake ji.

Zaɓen ɗayan nan shi ne aikin. Baba zai gaya maka, zamanin fim hoto 24 ko 36 ne a naɗi guda, mutum yana tunani kafin ya danna. Mu yanzu dannawa muke yi mu bar tunanin sai wani lokaci, lokacin kuma ba ya zuwa. Ka ji labarin Vivian Maier? Mai rainon yara ce a Chicago ta Amurka, ta yi shekaru tana yawo da kyamara a titi, ta bar nagetif, wato fim ɗin da ake fitar da hoto daga jikinsa, sama da 100,000, da yawa ko wanke su ba ta yi ba. Sai a 2007 aka yi gwanjon kayanta saboda an kasa biyan kuɗin ɗakin ajiya, ta rasu a 2009 kafin sunanta ya bazu. Mutane na jin daɗin labarin, ni kuwa tausayi yake ba ni, domin akwai hotunanta da ita kanta ba ta taɓa gani ba.

Tsofaffin kuma kada ka ce za ka gyara su a zama ɗaya, za ka gaji ka watsar. Ka ɗauki hotunan wata ɗaya a kowane ƙarshen mako, ka fitar da goma mafi kyau, ka goge masu dishi-dishin.

Baƙon Dare:

Ban yarda da gogewar nan ba, Mai Alƙalami. Hoton da na fi so a nawa shafaffe ne, fitilun motoci a cikin ruwan sama, kuma haka idona ya ga daren. A ware su gefe dai, a sake dubawa bayan wata shida.

Sai batun mutane. Na taɓa ɗaukar wani dattijo a tasha ban tambaye shi ba, ya biyo ni har bakin mota, kuma gaskiyarsa ce. Na goge a gabansa na ba shi haƙuri. Yanzu ko in nemi izini, ko in ɗauki hannu, inuwa, ko bayan mutum. Yara kuwa ba na ɗauka sam. Kuma idan za ka nuna wa duniya, cire bayanin wuri tukuna. Mai bin hanya ɗaya a lokaci ɗaya kullum, hotunansa taswirar rayuwarsa ce.

Ɗan Gefen Taga:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na gwada 1/1000 yau da yamma, ya yi duhu da yawa, na dawo 1/500, ya fito. Maman Biyu, na duba, ashe tun watan Maris ajiyar ta tsaya. Gabana sai da ya faɗi.

Bangon nan kuma na gano shi. Na bi ranakun kamar yadda Mai Alƙalami ya ce, ashe ba rana ɗaya na ɗauke su ba, tsakanin na farko da na ƙarshe wata bakwai ne. Da na jera su sai na ga wani ɗan tsiro a cikin tsagar bangon, can ƙasa ta hagu. A na farko ganye biyu ne, a na tara ya kai tsayin taga. A na goma sha ɗaya babu shi, an shafe tsagar da siminti. Shi na rubuta a daren jiya, layi uku.

Baba, saura tambaya ɗaya: gobe idan an yi hadari, in bar shi a 1/500 ɗin ko in sauke?