Kewa a gidan kula da tsofaffi: wa ya gwada na'ura?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana gidan kula da tsofaffi tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Abinci da magani ba ta rasa ba, amma sai ta wuni ba wanda ya yi hira da ita. An ce in saya mata kwamfutar hannu don kiran bidiyo. Don Allah wanda ya gwada ya ba ni labari.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya. Kafin kwamfuta, a duba kunnenta. Da yawa cikin waɗanda muke cewa sun daina son mutane, ji ne ba sa yi. In suka gaji da cewa "na'am?" sai su ja bakinsu su yi shiru. Akwai dattijon da aka sa wa na'urar ji a wurinmu, ya dawo zaman hira da 'yan'uwansa. Amma fa batirinta ake yawan mantawa, sai ta mutu a kunne ba wanda ya lura.

Wani jika: Mu a 2020 muka fara kiran bidiyo da kwamfutar hannu, lokacin da korona ta hana ziyara. Yatsun Kaka sun bushe, allon ba ya amsa taɓawarta, har ta yi fushi ta ture shi. Da muka koma na'urar da ake umarta da murya, sai ta riƙa kiranmu da kanta. Mun kuma tsayar mata da lokacin kira, tana jiransa.

Mai kula da masu ciwon mantuwa: Na yi aiki da PARO, mutum-mutumin da Takanori Shibata ya ƙera a Japan, mai siffar jaririn dabbar teku, ga laushin gashi. Wata baiwar Allah da ba ta magana ta rungume shi tana yi masa waƙa, har na yi hawaye. Abin da ya dame ni, wasu abokan aiki sukan ɗora mata shi a cinya su tafi. Ni in na zauna kusa, ta dalilinsa take buɗe baki da ni.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan fara neman a gwada kunnenta. Anti mai jinya, su wa zan roƙa su riƙa duba batirin na'urar jin, masu aikin safe ko na dare?