Faɗan unguwarmu kowa ya ji, sulhun kuwa shiru

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum ƴan uwa, wani abu ne ke ci mini tuwo a ƙwarya. A unguwarmu nan Damagaram akwai samari gungu biyu, ƴan pale ɗin nan, wato ƴan daba, kusan shekara uku ba sa ga maciji, har ɗan kabu-kabu in ya ɗauko mutum sai ya sauke shi bakin kwalbati ya ce ƙarasa da ƙafa, ni ba na shiga layin can. Liman da mai unguwa da wasu iyayenmu mata suka yi ta safa da marwa wata huɗu, ran Juma'ar da ta wuce aka zauna a zaure, yaran da kansu suka zube adduna da wuƙaƙe cikin buhu, aka sha shayi buta ɗaya. Na kira ƴan jarida uku, ɗaya ya ce sai da kuɗin mai jika biyar, biyun ko ɗagawa ba su yi ba. Amma bara da aka sari wani yaro kafin magariba hoton ya gama WhatsApp har ƴan uwanmu na Kano suna kira. To ya ake yi irin wannan labari ya fita?

Tsohon mai gabatarwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanena Allah ya saka muku, amma bari in gaya maka gaskiya tunda na daɗe a bakin makirfo: taro kuka kira su, shi kuwa taro ba ya cika wa ɗan jarida kunne, kullum ana yi, jawabi da addu'a da hoto a watse. Kai masa mutum. Ɗan kabu-kabun nan da ke tsayawa bakin kwalbati, yau ya wuce har ƙofar gida, shi ne labarinka, minti biyu da bakinsa ya fi jawabin awa guda. Ka naɗi muryarsa a waya inda ba hayaniya, da muryar uwa ɗaya cikin masu zirga-zirgar, ka kai gidan rediyo da ƙafarka ka nemi mai shirin da ake buga waya, kar ka tsaya kan ɗakin labarai. Akwai kuma Studio Kalangou, tun 2016 suke shiri da Hausa da sauran harsunan ƙasa, rediyoyin karkara na ɗauka suna sawa. In ka haɗa da 24 ga Afrilu, ranar haɗin kan ƙasa da ake tunawa da yarjejeniyar zaman lafiya ta 1995, a makon ranar su ke neman ka.

Malama daga Mirya:
Ni dai yaya ku bi a hankali. Kun tambayi yaran suna so a ji? Wajenmu an taɓa yi, shanu suka shiga gona tun ba a saki gonaki ba, hakimi da ƴan kwamitin filaye suka je suka auna ɓarnar, makiyayin ya biya, har manomin ya yafe masa wani abu, da yake Babarbare ne shi kuma Bafulatani, abokan wasa, aka ƙare da tsiya da dariya. Sai wani mai zumuɗi ya ɗora a Facebook da sunaye da yawan kuɗin, dangin makiyayin suka ce an tozarta su, sai da aka sake zama. Rabin sulhu ai rufin asiri ne, wanda ya sauko ba ya son a ce shi ya sauko.

Ɗan Kara-Kara:
Malama kin yi gaskiya amma shirun ma cutar mu yake. Tun tarzomar Janairun 2015 da aka ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, duk baƙon da ya zo Damagaram da kyamara pale yake tambaya, ko fim ɗin Aïcha Macky na 2021 kan ƴan pale da ya nuna masu neman tuba da sana'a, wasu ɗaga ƙarfe da tabon sara kawai suka gani. Ka je neman aiki ka ce daga unguwarmu kake ka ga yadda fuska ke canjawa. In ba mu faɗa da bakinmu ba wa zai faɗa mana, a ɓoye suna a ɓoye fuska amma a faɗa.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai. Baba na je wajen mai unguwa da daren nan, ya ce buhun makaman kam ba za a ɗauki hotonsa ba, kuma kar a ce wane ya fara miƙa hannu. Ɗan kabu-kabun ya yarda, sai dai ya ce in bari sai bayan la'asar gobe, da safe yana da ƴan lakwal da yake kaiwa.